Yadda Ake Gano Abin Da Ke Kashe Zarton Injin Yankan Ƙarfe

A warshar da nake aiki a Sana'iyyar Jidda, wato unguwar warshoshi da masana'antu, akwai wata ƙusa a bango, kusa da ƙofar sito, wadda muke rataye duk zarton da ya mutu. Dattijon da ya koya mini wannan sana'a, Allah ya jiƙansa, shi ya kafa ta. Ba ya yarda a fito da sabon zarto sai an kawo masa tsohon. Zai goge shi da tsumma, ya fita da shi bakin ƙofa wajen haske, ya bi shi da ido daga walda har ya zagayo walda, sannan ya faɗa maka abin da ka aikata kamar yana tsaye a kanka lokacin da kake yi. In ka ce, "Baba, wallahi zarton ne ba shi da kyau," sai ya ce an bar jaki ana dukan taiki.

Na daɗe ban yarda da shi ba. Sai da na ga an sa zarto uku a jere a inji ɗaya, kowanne ya mutu a wuri ɗaya da ciwo iri ɗaya, sannan na gane cewa tsohon zarto shi ne shaidan da ya ga komai, kuma wanda ya jefar da shi bai duba ba zai sake biyan kuɗin wani.

Injin da nake magana a kansa shi ne wanda Larabawa ke kira minshar shariɗi, irin na kwance. Zartonsa dogo ne siriri kamar ɗamara, an haɗa bakinsa biyu da walda, yana zagaya wili biyu, kan injin kuma yana sauka a hankali bisa ƙarfen da aka matse. Yawancin zarton da muke sa masa ƙarfe biyu ne aka haɗa. Bayansa ƙarfe ne mai lanƙwasa ya dawo, irin na sifirin. Bakin haƙoran kuwa wani siririn ƙarfe ne mai tsananin tauri, kuma wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai lamba M42, mai sinadarin kobal kashi 8 cikin 100. Ka riƙe wannan, domin ciwon ma gida biyu ne. In haƙora ne suka gaza, nemi laifin wajen gudun zarto, saukar kai, ruwan sanyaya, ko zaɓen haƙori. In baya ne ya gaza, yawanci injin kansa ne ba shi da lafiya.

Mataki na farko: tsayar da komai kafin ka taɓa komai

Kashe wuta daga babban makunni, ba daga jan maɓalli kaɗai ba. Sa safar hannu ta fata in za ka kama zarto, ka cire ta in za ka kunna inji, domin haƙori in ya kama safa da hannun zai tafi. Haka hannun jallabiya da jelar shimag ko rawani, a naɗe su ko a tuɓe.

Kafin ka sassauta zarton, akwai abubuwan da za su ɓace da zarar ka cire shi, don haka duba su yanzu. Buɗe murfi ka ga inda bayan zarto yake zaune a kan wili. Duba ko buroshin wayar da ke jikin inji don share zarto yana taɓa haƙora ko iska kawai yake sharewa. Duba nisan da ke tsakanin hannuwa biyu masu riƙe zarto da ƙarfen da ake yanka. Ɗebi ɓarɓashin da ya zuba, wanda a warsha muke kira rayish, ka ajiye a takarda. Guntun ƙarfen da ake yanka lokacin da abin ya faru ma kada ka mayar da shi cikin tsibi.

Mataki na biyu: karanta zarton

Goge shi, ka nemo walda, ka fara daga nan don ka san inda ka tsaya.

In ka tarar haƙora sun zube a jere, an bar giɓi, to ka sani ba tare suka fita ba. Guda ɗaya ne ya fara karyewa, na bayansa ya ɗauki kayan mutum biyu shi ma ya tafi, haka har giɓin ya kai tsawon tafin hannu. Abin da ke karya na farkon kaɗan ne. Ko haƙoran sun yi wa ƙarfen girma, ko sun yi masa ƙanƙanta har kwarmin da ke tsakaninsu ya cika da rayish ya toshe, ko ƙarfen ya motsa a cikin matsi, ko kan injin ya faɗo bisa ƙarfe da ƙarfi, ko kuma an kunna inji alhali haƙora suna zaune a kan ƙarfen. Wannan na ƙarshe yana yawan faruwa bayan sallah. Yaro ya kashe inji a tsakiyar yanka ya tafi masallaci, ya dawo ya danna maɓalli bai ɗaga kai ba. A ɗaga kai tukuna, zarto ya ɗauki gudunsa, sannan a sauko.

Wani abu da ya cinye wa mutane zarto da yawa: haƙorin da ya karye sau da yawa yana nan maƙale a cikin tsagar da aka fara. In ka sa sabon zarto a tsohuwar tsaga, zai ci karo da ƙarfen da taurinsu ɗaya, kuma nan take zai yi nasa giɓin. Juya ƙarfen ka fara daga wani gefe, ko ka matsa gaba kaɗan ka yi sabuwar tsaga. Asarar milimita biyar ta ƙarfe ta fi sauƙi.

In haƙora suna nan cif amma bakinsu ya dakushe yana ƙyalli, ko ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, zafi ne ya cinye su. Gudu ya yi yawa, ko ruwa ba ya isa wurin, ko an bar zarto yana shafar ƙarfe ba ya ci. Kafin ka yi nisa dai, duba inda haƙoran suka fuskanta. Zarto yakan fito daga kwali a juye, kuma na ga babban mutum mai gemu ya yi rabin awa yana yanka da bayan haƙori yana zagin mai shago. In haka ne, a juya cikinsa waje kamar yadda ake juya riga.

In ka ga tsagewa ƙanana suna tasowa daga kwarmin haƙora suna nufar baya, zarton ya sha wahalar lanƙwasa fiye da kima. An ja shi ya wuce misali, ko boris na gefe sun matse shi, ko an buɗe hannun da ke riƙe zarto har ƙarshe ya kusanci wili, zarton yana murɗewa a ɗan gajeren wuri. Barin inji yana zagayawa ba ya yanka komai shi ma yana kawo wannan, domin kowane zagaye lanƙwasa ne. Amma ka yi adalci: zarton da ya yi aiki mai tsawo, haƙoransa suka dakushe daidai wa daida, sannan ya tsage, wannan mutuwar tsufa ce, ba laifin kowa.

In tsagewar daga baya take tasowa, shafa gefen bayan da tsumma. Za ka ji ya yi kaifi ko ya baje kamar kan tsohuwar kurfi. Ma'ana yana gugar wani abu da ƙarfi: ko leɓen wili, ko boris na baya da ya cije ba ya juyawa, ko kuma ana danna kai da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Sa yatsa ka juya kowane boris, wanda abokan aikinmu ke kira rumman bili. Wanda ya cije, ko yake kaɗawa, ko aka ci masa rami, a canza shi. Kuɗinsa bai kai na zarto ko kusa ba.

In kuwa a kan walda ya tsinke, a miƙe sak kamar an yanka da almakashi, kuma bai daɗe da hawa ba, to a nan kana da gaskiya. Yawancin zarton da muke saya a Sana'iyya daga babban naɗi ake yanko shi a yi masa walda a shago gwargwadon tsawon injinka. In ba a sake ɗumama waldar ta huce a hankali ba, takan yi gautsi kamar gilashi. Mayar wa mai shago da shi. Ka saba duba walda tun a shagon: bayan ya zama a miƙe ba tudu, kaurin wurin ya zo daidai da sauran jiki. In kana jin "tak, tak" sau ɗaya a kowane zagaye, ko walda ce mai tudu ko haƙori ya fita.

Saura gefe. In haƙoran gefe ɗaya ne kawai suka goge, suna taɓa wani abu a hanya, wili ko madogara. Haƙoran zarto a karkace suke, wani dama wani hagu, don tsagar ta fi jikin zarto faɗi. In na gefe ɗaya suka mutu, zarton zai riƙa gudu zuwa ɗaya gefen, kuma babu saitin da zai miƙar da shi.

Mataki na uku: dubi rayish ɗin da ka ajiye

Wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya. Rayish mai kyau a naɗe yake sako-sako, launin azurfa. In gari ne kamar tsaki ko dusa, zarto yana shafa ne ba ya ci, a ƙara sauka ko a rage gudu. In mai kauri ne ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa, an matsa masa, a rage sauka, a rage gudu, a duba ruwa. In ya manne a bakin haƙora kamar an yi masa walda, ruwan ya tsinke ko buroshi ba ya aiki. Ƙarfen zubi, wanda Larabawa ke kira zahar, shi dama gari yake bayarwa, kada ya ruɗe ka.

Mataki na huɗu: ƙirga haƙora

A nan ne yawancin warsha ke tafka asara, saboda zarto ɗaya ake so ya yi komai, daga siririn tiyub na ƙofa har zuwa gungumen shaf, wato kakkaurar sandar ƙarfe mai zagaye.

Lambar da ke jikin kwali, kamar 4/6 ko 10/14, yawan haƙora ne a cikin inci ɗaya, wato milimita 25.4. Lamba biyu ce saboda an cakuɗa manya da ƙanana don rage jijjiga. Ƙa'idar ita ce kada haƙoran da ke cikin ƙarfe a lokaci ɗaya su gaza 3, kada su wuce 24, kuma abin da ya fi daɗi tsakanin 6 da 12.

Mu yi lissafi. Zarto mai 4/6 yana da haƙori kusan ɗaya a kowace milimita 5. A sandar ƙarfe cikakkiya mai kaurin milimita 50, haƙora kusan 10 ne a ciki, abin ya yi daidai. Kai wannan zarton kan tiyub mai bangon milimita 2. Bangon ya fi tazarar haƙora ƙanƙanta, zai faɗa tsakanin haƙori da haƙori ya fizge su kamar ana ɓare masara. Juya lissafin: zarto mai 10/14 yana da haƙori a kowace milimita 2 da ɗan kai, shi ya fi dacewa da tiyub ɗin. Amma ka ɗora shi kan sandar milimita 100, haƙora wajen 47 ne za su shiga lokaci ɗaya, kowanne da ɗan ƙaramin kwarmi da zai cika tun bai kai rabin hanya ba. Daga nan sai zafi, sai karkacewa, sai zubewa.

Ni dai a ganina warshar da ke haɗa aikin ƙofofi da na shaf ta ajiye aƙalla iri uku: 10/14 don tiyub da siririn fayif, 5/8 ko 6/10 don matsakaicin aiki, 3/4 ko 4/6 don manyan sanduna. Canza zarto minti biyar ne. Ƙyuyar canzawar ita ke cika ƙusar bangonmu.

Yadda aka kwantar da ƙarfe ma yana canza ƙirgar. Angul a kifa shi, ƙusurwa a sama, ƙafafu biyu a ƙasa. Falat siriri kada a tsayar da shi a kan kaifinsa sai in an jera da yawa an matse tare. In za a yanka damin sanduna masu zagaye, a ɗiga musu walda a can ƙarshen wutsiya, domin ta tsakiya takan juya a cikin dami ko da matsin ya kama na gefe, kuma sanda in ta juya ƙarƙashin zarto haƙora sun tafi. Abin matsin nan Misirawan da muke aiki tare suna ce masa mangala, ranar farko har na waiga ina neman jakin.

Mataki na biyar: auna gudu, kada ka yarda da allo kawai

Ga wani abu da ya shafe mu a nan Saudiyya musamman. Wutar ƙasar nan 60 Hz ce, wato tana kai-komo sau 60 a daƙiƙa, alhali ta Turai da Turkiyya da Sin, da ta Najeriya da Nijar da Sudan, 50 Hz ce. Moton da aka ƙera don 50 in ya sha wutar 60 yana ƙara gudu da kashi 20 cikin 100. Saboda haka injin da aka shigo da shi, musamman wanda aka riga aka yi amfani da shi, wanda allonsa ke cewa mita 35 da 70 a minti, a nan yana iya yin 42 da 84. Duba farantin da ke jikin moto ka ga don wace wuta aka yi lissafin.

In kana son tabbaci, auna da kanka. Shafa farin fenti a kan walda, rufe murfi, kunna inji ba tare da ƙarfe ba, ka tsaya nesa kaɗan ka ƙirga sau nawa alamar ta wuce a minti ɗaya. Ninka da tsawon zarton. In tsawonsa mita 2.45 ne, alamar ta wuce sau 30, gudunka mita 73 da rabi ne a minti.

Ga zarton M42, ƙarfen gini na yau da kullum, tiyub da angul da falat, yana son wajen mita 70 zuwa 90 a minti. Ƙarfen shaf mai ɗan tauri, 50 zuwa 65. Sitanles, wanda a kasuwa ake ce wa istil, 25 zuwa 40. Ƙarfen da ake yin kayan aiki da shi shi ma ƙaramin gudu yake so. Alminiyam kuwa ba shi duk gudun da injin yake da shi, da manyan haƙora. Ka ga ke nan injin da ƙaramin gudunsa ya koma 42 ya riga ya haura abin da sitanles yake so, shi ya sa wasu ke cewa istil yana cin zarto kamar wuta. Maganin dindindin shi ne a sa wa moton na'urar rage gudu ta lantarki, ko a canza fuli in injin mai bel ne.

Sitanles yana da wani hali da ya kamata a sani. In zarto ya shafe shi bai ci ba, fatar wurin takan ƙara tauri, haƙorin da ke biye ya tarar da ƙarfen da ya fi na farko ƙarfi. Don haka gudu kaɗan, sauka mai nauyi ba tsayawa. Mai jin tsoro ya rage sauka shi ne ke kashe zarto a kan istil.

Akwai kuma abin da bai kamata a kai wa zarto mai kyau ba sam. Gefen da aka yanka da wutar gas ya yi tauri, a goge shi da saruk, wato injin gurza na hannu mai faifai, tukuna. Rodin gini fatarsa ta fi cikinsa tauri saboda yadda ake kashe zafinsa da ruwa a masana'anta, ga shi ba ya zama lafiya a matsi, gara almakashin rodi ko saruk. Ƙarfen da ya kwana a fili ya sha yashi da tsatsa a kankare wurin yankan da buroshi, domin yashi dutsen wasa ne, sai dai shi dakusarwa yake yi.

Mataki na shida: saukar kai

Yawancin injunan nan silindar mai ce ke riƙe kai, da ɗan bawul mai lambobi da ake murɗawa. Lambar nan ba alƙawari ba ce. Mai yana tsinkewa in ya yi zafi, saboda haka lamba 3 da safe daban take da lamba 3 bayan azahar a watan Yuli, lokacin da rufin kwano ya mai da warsha tanda. Da rana kan zai fi saurin sauka. Rayish za ka duba, ba lamba ba.

Gwada silindar ba tare da ƙarfe ba. Ɗaga kai sama, rufe bawul. In yana zamewa ƙasa da kansa, roba ta mutu a ciki. Buɗe kaɗan ka kalli saukar. In yana tafiya yana tsalle, ko ya faɗo da sauri a farkon tafiya sannan ya kama, mai ya ragu ko iska ta shiga. Wannan faɗowar ita ce ke fasa haƙora a tiyub mai kusurwa huɗu, inda zarto ke gama faffaɗan saman ya faɗa kan siraran bango biyu.

Mataki na bakwai: in yankan yana fita a karkace

Wannan ne ƙorafin da ya fi kowanne yawa, kuma mutane suna fara kwance saitin inji tun ba su san ta ina ya karkace ba. Yanko ɗan siririn faifai daga sanda mai kauri, ka sa masa alama a sama kafin ya faɗi, sannan ka auna kaurinsa a sama, ƙasa, gaba da baya.

In bambancin tsakanin gaba da baya ne, matsin ne ba ya kan kusurwar 90 da zarto. Ɗora sukwaya, wato abin auna kusurwa, a jikin muƙamuƙin da ba ya motsi, ka daidaita shi da jikin zarto, ba da haƙora ba. Sau da yawa wani ne ya juya shi don yankan 45 bai mayar daidai ba.

In bambancin tsakanin sama da ƙasa ne, ko yankan ya yi ciki a tsakiya, bi wannan jerin kada ka tsallake. Matso da hannu mai motsi kusa da ƙarfe iyakar yadda zai yiwu ba tare da ya taɓa ba. Zarton da aka bar masa fili mai faɗi lanƙwasa yake yi kamar igiyar shanya, kuma wannan kaɗai yana warware matsalar a lokuta da dama. Rage sauka. Duba ja: masu ƙera irin wannan zarto suna ba da wajen psi 25,000 zuwa 30,000 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin jan), in injinka yana da agogo ko alama ka bi ta, in kuwa babu, ka sani hannu yakan tsaya tun ja bai kai ba. Sai boris na gefe: su taɓa jikin zarto ba tare da sun cije shi ba, kuma kada su hau kan haƙora. Ɗora sukwaya a kan gadon inji ka ga ko jikin zarto yana tsaye sak. Kama kan injin ka girgiza shi hagu da dama, in yana wasa, ƙusar da yake juyawa a kanta ta ci.

Kada ka manta wutsiyar ƙarfe. Sanda mai mita 6 in ba a tallafe ta daidai da tsayin gado ba, nauyinta zai ɗaga bakin da ke cikin matsi. Nan inji lafiyarsa ƙalau, jakin tallafi ne gajere.

In duk wannan bai yi ba, sa sabon zarto. Ya yanka a miƙe, tsohon ne ya mutu a gefe ɗaya. Ya karkace ta inda na farko ya karkace, koma kan inji.

Zarton da ke sauka daga wili kuwa, ko ja ya yi kaɗan, ko rayish da mai sun taru a kan wili, ko boris na wilin ya ci, ko saitin karkatar wili ya gushe. Daidai shi ne bayan zarto ya zauna dab da leɓen wili, da ɗan rata kamar milimita ɗaya, ba ya gugarsa.

Mataki na takwas: madara

Haka muke kiran farin ruwan sanyaya, don kamarsa. Mai ne na musamman da ake haɗawa da ruwa, kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wato lita ɗaya ta mai a ruwa lita 10 zuwa 20. Sitanles yana son mai kauri. Ruwa ake fara zubawa sannan a tsiyaya mai ana motsawa. In aka yi akasin haka ba ya haɗuwa da kyau.

Aikinsa uku ne: sanyaya, santsi, da wanke rayish. Ruwa zalla ba ya ba da santsi, kuma da ɗanshin Bahar Maliya da muke sha a Jidda, kwana biyu ya isa gado da boris su yi ja. Dizal kuma da wasu ke ɗigawa haɗarin gobara ne.

A zafinmu ruwa ne ke tashi ya bar mai, don haka in tanki ya ragu a cika shi da haɗi mai tsinkewa, ba mai kauri irin na farko ba. In kana yanka fayif, lura da madarar da ke bi ta cikinsa tana zuba a ƙasa can ƙarshen wutsiya. Tanki yakan ƙare mutum bai sani ba, a sa bokiti ko a ɗan toshe bakin. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tarbar mutum ranar Asabar da safe bayan hutun Juma'a alama ce ƙwayoyin cuta sun yi gida a tankin. A zubar, a kwashe laka, a wanke, a haɗa sabo, domin irin wannan ruwan yana ci wa mutum hannu. Bututun biyu duka su riƙa zuba, ɗaya inda zarto ke shiga, ɗaya inda yake fita. Ƙarfen zubi kuwa a bushe ake yanka shi.

Buroshi kuma a saita shi bakin wayoyinsa su share cikin kwarmi. Ƙaramin abu ne, shi ya sa in ya cinye ba mai kula, sai rayish ya riƙa zagayowa yana komawa cikin tsaga.

Mataki na tara: ɗora sabo, ka yi masa horo

Sai yanzu za a buɗe sito. Warware zarton nesa da fuskarka, robar da ke rufe haƙora a bar ta sai ya hau. Goge wili biyu da tsakanin boris. Haƙora su fuskanci inda zarto ke tafiya, a irin injunanmu wajen moto. Ja shi rabi, duba zamansa a kan wili, sannan ka cika ja. Rufe murfi, bar shi ya zagaya 'yan daƙiƙu, kashe, sake dubawa.

Sabon haƙori kaifinsa kamar na fensir ne da aka fiƙe yanzu, in ka danna da ƙarfi bakin zai ɓalle. Ɓallewar ba a ganinta da ido, amma ita ke rage kwanan zarto. Don haka bar gudu yadda ya dace da ƙarfen, ka rage sauka zuwa rabi, ka yanka wajen santimita murabba'i 300. A sandar milimita 50 wannan yanka 15 ke nan. Horon a kan cikakkiyar sanda mai laushi ake yinsa, ba tiyub ba, ba istil ba. Ka tabbata dai yana fitar da rayish, kada ya koma shafa. In ya yi kuka ko jijjiga, rage gudu kaɗan. Daga nan ka riƙa ƙara sauka sannu a hankali har ka kai yadda aka saba.

Yarana sukan ce, "Mu'allim, mai kaya yana jira a waje." Nakan ce a kai masa shayi.

Rubuta ranar da zarton ya hau da lambar haƙoransa da alli a jikin murfi. Da yamma in an tashi, a sassauta ja kaɗan, domin zarton da ya yi zafi ya miƙe in ya huce tsukewa yake yi, ya kwana yana jan boris na wili. Wanda ya sassauta ya rataya kwali a kan makunni, don kada na safe ya zo ya kunna inji da sakakken zarto.